Makarantun Gwamnati a Unguwannin Wajen Birni a Amurka: Wa Ke Riƙe da Su, Wa Ke Biya, Yaya Ake Gane Nagari?

Filin Tambaya da Amsa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan batu ɗaya suke, domin iyalai da dama daga cikin Hausawa mazauna Makka da Madina da Jidda da Riyad suna da 'ya'ya ko 'yan'uwa da karatu ko aiki ya kai su Amurka, kuma maganar makarantar yara ita ce takan fara tasowa da zarar an soma shirin ɗaukar iyali.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana injiniya ne, ya sami aiki a birnin Houston na jihar Teksas, yana kuma shirin zuwa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa uku daga nan. Ya ce ba zai kama gida kusa da wurin aikinsa ba, sai a wani gari na wajen birni da ake kira Katy, ko da kuwa zai riƙa yin doguwar tafiya kullum, wai don makarantun gwamnati na can sun fi kyau. Abin ya ɗaure mini kai. Ashe makarantar gwamnati ba ɗaya ba ce ko'ina a ƙasa? Wa yake riƙe da makarantun nan?
Daga wata Hajiya, unguwar Hindawiyya, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya zuri'a. Ɗaurewar kanki tana da dalili, domin a nan Saudiyya Ma'aikatar Ilimi da ke Riyad ita take tsara manhaja, ta buga littattafai, ta biya malamai daga baitulmalin ƙasa, ofisoshin ilimi na yankuna kuwa aiwatarwa ce aikinsu. Shi ya sa littafin lissafin da jikanki yake karantawa a Makka shi ne ɗan ajinsu yake karantawa a Tabuk ko Jizan.

A Amurka kundin tsarin mulkin ƙasar bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya, kuma ƙa'idarsu ita ce duk ikon da kundin bai ba gwamnatin tarayya ba ya zama na jihohi da jama'a. Saboda haka kowace jiha daga cikin jihohi 50 tana da dokar iliminta, sannan jihohin sun miƙa aikin gudanar da makarantu ga wasu hukumomi na yanki, waɗanda za mu kira gundumomin makarantu. Akwai kimanin 13,000 irinsu a faɗin ƙasar, jihar Teksas kaɗai tana da sama da 1,000, jihar Hawayi ce kawai ta haɗa makarantunta duka a ƙarƙashin gunduma ɗaya. Ma'aikatar ilimi ta tarayya da ke Washinton sai a 1979 aka kafa ta, zamanin Shugaba Jimmy Carter, kuma ba ta gudanar da firamare ko sakandare, ba ta ɗaukar malamai, doka ma ta hana ta tsara wa makarantu manhaja.

Kowace gunduma tana da iyaka a taswira, a cikinta kuma kowace makaranta tana da layuka da unguwannin da aka yanka mata. Adireshin gida shi yake zaɓa wa yaro makaranta, kuma gida biyu da titi ɗaya ya raba suna iya faɗawa gundumomi biyu dabam. Iyakar gunduma ba lallai ta dace da iyakar gari ba. Gundumar makarantun Katy, wadda take yamma da Houston kuma take da ɗalibai sama da 90,000, ta ratsa ƙananan hukumomi uku, wato Harris da Fort Bend da Waller, har da wasu unguwanni da suke cikin birnin Houston kansa. Don haka ki shaida wa ɗanki kada ya sa hannu a takardar haya sai ya shigar da adireshin gidan a shafin intanet na gundumar, ya ga sunan firamare da sakandaren da aka haɗa gidan da su, kada ya dogara da maganar dillali.

Masu riƙe da gunduma su ne 'yan hukumar makarantu, waɗanda mazauna yankin suke zaɓa da ƙuri'a. A yawancin wurare mutum biyar ne ko bakwai ko tara. A Katy bakwai ne, kuma dokar Teksas ta ce ba a biyan su albashi. Galibinsu iyayen yara ne da 'yan kasuwa da likitoci da tsofaffin malamai, masu sana'arsu ta yau da kullum, sukan zauna taro da yamma sau ɗaya ko sau biyu a wata. Ba su ne suke shiga aji ko su rarraba malamai ba. Babban aikinsu shi ne ɗaukar babban daraktan gunduma, wanda ƙwararre ne mai albashi, da sallamarsa idan bai gamsar ba, sai amincewa da kasafin kuɗi, da kafa ƙa'idoji kan abubuwa irin su kalandar karatu da ladabtarwa da iyakokin makarantu. Daraktan shi yake naɗa shugabannin makarantu, shi kuma ake tuhuma idan sakamako ya faɗi. Doka ta wajabta a yi taron hukumar a bainar jama'a, a sanar da abin da za a tattauna tun kafin ranar, kuma an saba ware lokacin da mazaunin yankin zai tashi ya yi magana ta minti biyu ko uku. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da tsarin ya ƙunsa, sai dai masu fitowa zaɓen hukumar makarantu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da zaɓen shugaban ƙasa, har takan kai 'yan tsiraru masu tsari su ne suke yanke wa dubban yara hukunci.

Jiha ba ta sake wa gunduma komai ba. Ita take ƙayyade abin da ya kamata yaro ya sani a kowane aji, ta ba malamai lasisin koyarwa, ta shirya jarrabawar shekara, kuma tana iya ƙwace gunduma daga hannun zaɓaɓɓunta. Haka ta faru a watan Yunin 2023, lokacin da hukumar ilimi ta Teksas ta karɓi ragamar gundumar Houston, mafi girma a jihar, ta naɗa sabon darakta da sabbin masu gudanarwa, bayan wata sakandare ta yi shekaru a jere tana faɗuwa a ma'aunin jiha.

Dalilin da ya sa ake ɗaukar makarantun wajen birni a matsayin mafi kyau yana da tarihi mai ɗaci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iyalai masu hali, akasarinsu farar fata, sun yi ta ƙaura daga cikin birane zuwa sababbin unguwanni, inda aka daɗe ana hana baƙar fata sayen gida. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, amma a 1974, a shari'ar birnin Detroit, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu a kan cewa ba za a tilasta wa gundumomin wajen birni cuɗa ɗalibansu da na cikin birni ba, muddin ba a tabbatar da hannunsu a wariyar ba. Tun daga nan iyakar gunduma ta ƙara zama abin da yake raba masu shi da marasa shi. Yau lamarin ya sauya da yawa, unguwannin wajen Houston cike suke da 'yan Najeriya da Indiyawa da Larabawa da 'yan Meziko, akwai na masu kuɗi akwai na talakawa, a cikin birnin kuma akwai sakandaren gwamnati da suke sahun gaba a ƙasar. Shawarar ɗanki tana iya zama daidai, amma makarantar da yaran za su shiga ita ya kamata ya bincika, ba sunan garin ba.

TAMBAYA: Ƙanena yana zaune a Fairfax ta jihar Bajiniya, 'ya'yansa huɗu suna makarantar gwamnati, ya ce ko sisi ba ya biya, har motar ɗaukar yara kyauta ce. Amma duk shekara sai ya yi ta kukan harajin gida, yana cewa makarantu ne suke cinye shi. To, kyauta ce ko ba kyauta ba ce? Daga ina kuɗin suke fitowa?
Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Jidda.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Maganganun ƙanenka duka biyu gaskiya ne. Ba a karɓar kuɗin makaranta daga ajin share fage na 'yan shekara biyar har zuwa aji 12, amma al'ummar yankin ce take ɗaukar nauyin ta hanyar haraji, har da wanda ba shi da ɗa a makaranta. Idan aka haɗa ƙasar baki ɗaya, kuɗin suna fitowa ne daga wuri uku: jihohi suna bayar da kimanin kashi 45 cikin 100, yankuna suna tara kusan haka, gwamnatin tarayya kuwa kasonta bai cika wuce kashi 10 ba, ban da shekarun annobar korona da ta ware wa makarantu kimanin dala biliyan 190 na gaggawa. Kuɗin tarayya akasarinsu an ɗaure su da manufa, kamar tallafa wa makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa, wanda ya samo asali daga dokar 1965 ta zamanin Shugaba Lyndon Johnson, da karatun yara masu naƙasa bisa dokar 1975, da ciyar da ɗalibai.

Kason yanki shi ne wanda ƙanenka yake kuka da shi, domin mafi yawansa daga harajin gidaje da filaye da shaguna yake fitowa. Mu a nan ba mu saba biyan haraji duk shekara a kan gidan da mutum yake zaune a ciki ba, a can kuwa jami'an haraji suna ƙiyasta darajar gida, a ɗora masa kaso. A matsayin misali kawai, gidan da aka yi wa ƙima dala 400,000, idan kason makarantu kashi 1 cikin 100 ne, mai shi zai biya dala 4,000 a shekara, wato riyal 15,000. Ɗan haya ma bai tsira ba, domin mai gida yakan zuba harajin a cikin kuɗin haya.

Wanda yake yanka harajin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Teksas hukumar makarantu ce da kanta take ƙayyade kason, a cikin iyakar da jiha ta gindaya, kuma harajin iri biyu ne, na gudanar da aikin yau da kullum da na biyan bashin gine-gine. A Bajiniya kuwa hukumar makarantu ba ta da ikon sanya haraji. Hukumar Fairfax mai mutum 12, wadda take kula da ɗalibai kimanin 180,000 da kasafin da ya haura dala biliyan 3, sai ta tsara buƙatunta ta kai gaban majalisar ƙaramar hukuma, wadda take bayar da kimanin kashi biyu cikin uku na kuɗin makarantun, abin da yake lashe kusan rabin babban kasafin ƙaramar hukumar. Ka ga ƙanenka bai yi ƙari ba. Idan kuma ana son gina sabuwar makaranta ko yi wa tsohuwa babban gyara, akan tambayi masu zaɓe ko sun yarda a ci bashi, wanda za a biya da haraji cikin shekaru masu yawa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanarwa albashi ne da fansho da inshorar lafiyar ma'aikata, shi ya sa duk lokacin da aka tsuke kasafi, yawan yara a aji ne yake ƙaruwa.

A matsayinka na ɗan kasuwa za ka hango matsalar tun kafin a faɗa. Ɗauki gunduma biyu, kowace da ɗalibai 10,000, ɗaya gidajenta da kamfanoninta sun kai darajar dala biliyan 10, ɗaya kuwa biliyan 3. Idan duka suka yanka kashi 1 cikin 100, ta farko za ta samar wa kowane yaro dala 10,000, ta biyu dala 3,000, alhali kason da aka ɗora wa mutanensu ɗaya ne. Wannan lissafi ya taɓa zuwa gaban Kotun Ƙoli da alƙaluma na haƙiƙa. A birnin San Antonio, unguwar Edgewood ta talakawa 'yan asalin Meziko tana da kason haraji mafi tsanani a yankin, amma a shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968 dala 26 kawai ya samar wa kowane yaro, yayin da Alamo Heights ta masu kuɗi, da kaso mafi sauƙi, ta sami dala 333. Bayan an haɗa da tallafin jiha da na tarayya, jimillar ta zama dala 356 a Edgewood da dala 594 a Alamo Heights. Duk da haka a 1973 kotun, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya lamunce. Iyaye suka koma kotunan jihohi, inda aka fi samun nasara: Kotun Ƙolin Teksas ta rushe tsarin a 1989, a 1993 kuma aka yi dokar da take karɓar wani ɓangare na harajin gundumomi masu arziki a raba wa sauran. Kalifoniya ta bi wata hanyar, domin a 1978 masu zaɓe sun taƙaita harajin gida ga kashi 1 cikin 100, lamarin da ya mayar da nauyin makarantu kan jiha.

A yau yawancin jihohi suna ƙara wa gundumomi matalauta kaso don cike giɓi, amma bambanci tsakanin jiha da jiha yana nan da girmansa. Matsakaicin abin da ake kashe wa ɗalibi a shekara ya haura dala 15,000, wato sama da riyal 56,000, jihar Niyok tana kashe fiye da dala 25,000, Utah da Idaho kuwa kusan dala 10,000. Akwai masu cewa kuɗi ba su ne matsala ba, ni kuwa ban yarda da su ba. Wani bincike da masanin tattalin arziki Kirabo Jackson da abokan aikinsa biyu suka wallafa a 2016 ya gano cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a kuɗin ɗalibi tsawon shekara 12 na karatunsa yakan ƙara wa ɗan talaka kusan rabin shekara ta karatu, da kusan kashi 10 cikin 100 na abin da zai riƙa samu idan ya girma. Tsarin da ya ɗaure rabon yaro da tsadar gidan da iyayensa suka iya kamawa yana da aibi tun daga tushe, ko da yake shi ne kuma yake sa mai biyan haraji ya sa ido a kan makarantar unguwarsu kamar kayansa.

TAMBAYA: Ni malamin sakandare ne. 'Yata da mijinta suna neman gida a Amurka, sun turo mini wani shafi da yake ba makarantu maki daga 1 zuwa 10, suka ce za su bi mai maki 9. A nan muna da jarrabawar Nafis da Ƙudurat da Tahsili. Da me ake auna makarantun can, kuma makin nan abin dogaro ne?
Daga wani malami, Madina.

AMSA: Allah ya gafarta Malam. Shafin da aka fi sani da irin wannan maki shi ne GreatSchools, ƙungiya ce mai zaman kanta, ba hukuma ba, kuma shafukan dillalan gidaje sukan liƙa makinta a jikin tallan kowane gida. Ma'aunin hukuma kuwa daga jarrabawar jiha yake fitowa. Dokar tarayya da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002, da wadda ta maye gurbinta a Disambar 2015 zamanin Shugaba Barack Obama, sun wajabta a jarraba kowane ɗalibi a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Kowace jiha tana da tata jarrabawar, ta Teksas sunanta STAAR, ta Bajiniya SOL, kuma kowace ita take ƙayyade makin cin jarrabawa, saboda haka ba a kwatanta sakamakon jiha da na wata jihar kai tsaye. Jarrabawa ɗaya tilo da ake auna ƙasar duka da ita ita ce NAEP, wadda take ɗaukar samfurin ɗalibai daga aji 4 da aji 8. Ita ce ta nuna a 2022 cewa makin lissafi ya faɗi da maki 5 a aji 4 da maki 8 a aji 8 idan aka kwatanta da 2019, faɗuwar da ba a taɓa gani ba a tarihinta. Sai dai sakamakonta na jihohi ne da wasu manyan birane, ba ta fitar da na gundumomin wajen birni.

Abin da nake so ka isar wa 'yarka, Malam, abu ne da kai ka sani daga cikin aji. Matsakaicin makin makaranta yana nuna halin gidajen da yaran suka fito fiye da yadda yake nuna ƙwazon malamai. Tun rahoton da masani James Coleman ya jagoranta a 1966 masana a Amurka suke ganin wannan alaƙa. Yaron da iyayensa duka suka yi jami'a, ana karanta masa littafi tun yana goye, ana ɗauko masa malamin gida, zai ci jarrabawa ko da makarantar ba ta ƙara masa wani abin kirki ba. Don haka maki 9 yakan nuna unguwar masu hali ce, bai tabbatar da cewa jikanka da zai iso da Larabci da Hausa, Turancinsa bai nuna ba, zai sami kulawa a can ba. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne na ci gaba, wato nawa yaro ya ƙaru daga bara zuwa bana. Farfesa Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya bi sakamakon dubban gundumomi, a 2017 kuma ya nuna cewa ɗaliban birnin Shikago, waɗanda matsakaicin makinsu yake ƙasa da na ƙasa, sun yi ci gaban kimanin shekara shida a cikin shekara biyar tsakanin aji 3 da aji 8, suka wuce mafi yawan gundumomin ƙasar wajen saurin ci gaba, har da na masu kuɗi da yawa.

Abin farin ciki shi ne doka ta tilasta wa kowace jiha ta wallafa rahoton kowace makaranta, a rarrabe sakamakon bisa launin fata da talauci da naƙasa da masu koyon Turanci. Su buɗe rahoton makarantar a shafin hukumar ilimi ta jihar, su tsallake makin gaba ɗaya, su nemi layin masu koyon Turanci da layin ɗalibai baƙar fata, domin a cikin waɗannan layuka za a lissafa 'ya'yansu. Makarantar da makinta ya yi sama amma waɗannan rukunoni suke can ƙasa tana da abin da take ɓoyewa. Su duba yawan masu kammala sakandare a kan lokaci, wanda a ƙasa baki ɗaya ya kai kimanin kashi 87 cikin 100, da yawan masu fashin makaranta, wato waɗanda suka rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, kimanin kwana 18 daga cikin 180, matsalar da ta kusa ninkawa bayan korona. A sakandare su tambayi darussan matakin jami'a da ake kira AP, su waye suke shiga, kuma ta wace hanya ake zaɓarsu. Sannan su je da ƙafarsu, domin gani ya kori ji: su nemi ganin shugaban makaranta, su tambaye shi malamai nawa suka bar aiki a bara, malamai nawa suke koyar da baƙin yara Turanci, kuma yaushe yaro yake komawa cikakken aji. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 wajibi ne gunduma ta taimaka wa yaron da bai iya Turanci ba, iyaye kuma suna da haƙƙin a samo musu tafinta.

TAMBAYA: Mijina zai je ƙaro karatu, za mu tafi da 'ya'yanmu mata biyu. Ina fargabar hijabi da salla da cuɗanyar maza da mata. Kuma tunda ba 'yan ƙasa ba ne mu, muna da bakin magana?
Daga wata uwa, Riyad.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki sani tun yanzu cewa kusan dukkan makarantun gwamnati a can maza da mata aji ɗaya suke zama, kuma ba a koyar da addini a matsayin ibada, saboda haka karatun Alƙur'ani da fiƙihu yana wuyanku da na Islamiyyar ƙarshen mako a masallatan unguwa. Tun 1962 Kotun Ƙoli ta hana makarantar gwamnati shirya addu'a ta kowane addini, amma ɗalibi yana da 'yancin yin ibadarsa a lokacin da ba na darasi ba, kuma makarantu da yawa sukan ware ɗaki idan iyaye suka nema a rubuce. Hijabi yana da kariyar doka. A 2004 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta tsaya wa wata yarinya Musulma da aka dakatar saboda ɗankwali a jihar Oklahoma, gundumar kuma ta sauya dokarta.

Ƙuri'ar zaɓen hukumar makarantu a kusan ko'ina ta 'yan ƙasa ce, amma halartar taro da yin magana a cikinsa da shiga ƙungiyar iyaye da malamai ba sa buƙatar fasfon Amurka. Ta wannan hanya Musulmi suka sami abubuwa da dama. Birnin Niyok ya sanya ranakun Sallah cikin hutun makarantu a 2015, Fairfax ta bi baya, Dearborn ta jihar Mishigan kuwa ta daɗe da hutun Sallah da abincin halal. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta goyi bayan iyaye Musulmi da Kirista na ƙaramar hukumar Montgomery ta jihar Maryland, waɗanda suka nemi a sanar da su, a kuma bar su su cire 'ya'yansu daga darussan wasu littattafan labarai da suka saɓa wa aƙidarsu a kan aure da jinsi. Shawarata ita ce tun makon farko ki rubuta wa shugaban makaranta buƙatunku a kan salla da azumi da abinci da tufafin motsa jiki, ki kuma nemi ganin manhajar darasin lafiya da iyali, domin jihohi da yawa sun ba iyaye damar cire yaro daga gare shi.

TAMBAYA: Yayana yana zaune a unguwa mai makaranta mai kyau. Zan iya rubuta adireshinsa in sa 'ya'yana a can, alhali ni a wata unguwar zan zauna?
Daga wani matashi, Jidda.

AMSA: Kada ka yi haka, ɗan'uwa. Ƙarya ce a takardar hukuma, kuma gundumomi suna bincike, wasu har ma'aikata suke aikawa su tabbatar da inda yaro yake kwana. A 2011 an ɗaure wata uwa na 'yan kwanaki a jihar Ohayo saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta, ga baƙo mai biza kuwa irin wannan laifi yana iya shafar zamansa a ƙasar. Idan da gaske a gidan yayan naka za ku sauka, akwai takardar shaida da mai gida yake cikewa, a karɓi yaran ba tare da matsala ba. Idan kuwa a wani wuri za ku zauna, ka tambayi ofishin gundumar game da neman canjin makaranta, domin jihohi da yawa suna ba da wannan dama idan akwai gurbi, sai dai kai da ɗauko yaran yakan zama a wuyanka. Kafin ku tashi daga Jidda ka tanadi takardun haihuwa da katin rigakafi da sakamakon yaran na makaranta, a fassara su zuwa Turanci, a can kuma za a nemi takardar haya da takardar biyan kuɗin wuta ko ruwa mai ɗauke da sunanka.